Takardun da Na Cika a Gindin Bene

Shekarar da aka rushe tsohuwar gadar Jamra domin a gina wannan mai hawa-hawa da kuka taso kuka gani, a shekarar na shiga aikin tambayar alhazai. Kafin nan ina zaune ne a teburin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ina sayar da tasbaha da huluna da turaren wuta. Maƙwabcinmu a unguwar Ka'akiyya ta nan Makka, Ammi Haruna, shi ya same ni wata rana bayan la'asar, ya ce ofishin da yake wa aiki na neman wanda ke jin Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram, kuma ya iya rubutun Larabci. Aikin, in ji shi, shi ne a je masaukin alhazai bayan an sauko daga Mina, a tambaye su yadda suka samu ɗaki da abinci da mota, a rubuta, a kai wa masu kula da waɗannan abubuwa domin su san abin da za su gyara baɗi. Na ce masa ai wannan hira ce, ni kuwa hira na iya ta tun ina ƙarami. Ya yi murmushi, ya ce gobe in zo da fensir biyu.

Ku da kuka shigo bana, na ji kuna faɗin irin abin da na faɗa. Na ji ɗayanku yana cewa aikin nan ba wani abu ba ne: ka karanta tambaya a fuskar na'ura, ka danna amsa, ka wuce. Ban ga laifinsa ba. Zan dai ba ku labarin yadda ni na koye shi, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika jaka ba. Akwai ɗan katako mai maƙalli da ake ɗora takarda a kai, akwai istimara, wato takardar tambayoyi, akwai fensir da abin gogewa, sai jerin ɗakunan gidan da aka tura ka. Biro ba ya zama a aljihu a zafin Makka, sai ya yi aman tawada a farar riga, kuma in gumi ya ɗiga a takarda rubutunsa ya tafi. Istimara da Larabci take zuwa. Ammi Haruna kan zaunar da mu kwana biyu kafin a fita, mu tsayar da yadda za a faɗi kowace tambaya da Hausa, don kada ni in tambayi abu guda, na kusa da ni ya tambayi wani. Ni nakan rubuta nawa da ajami a bayan wani kwali, domin da shi mahaifina ya fara buɗe mini hannu kafin makaranta, kuma har yau ya fi mini sauri. Idan alhaji ya faɗi magana mai nauyi wadda ba ta da gurbi a istimara, nakan ɗauke ta yadda ya faɗe ta a gefen takarda.

Aikina na farko a wani gida ne a unguwar Aziziyya. Muna shiga na hango wasu Kanawa a ƙofa suna raha, na nufe su da katakona. Ammi Haruna ya kamo hannun rigata. Ya buɗe jerin ɗakuna, ya nuna mini yadda ake yi: a ƙirga ɗaki huɗu a tsallake, a shiga na biyar, a cikin ɗakin kuma a tambayi mai gado na uku daga ƙofa. In ba ya nan, a komo. In aka komo ba ya nan, a sake komowa. Sai an yi sau uku kafin a rubuta ba a same shi ba. Na ce to waɗannan na ƙofa fa, ba alhazai ba ne? Ya ce alhazai ne, amma in tuna da kwalin dabino a kasuwa. Wanda ke sama kullum manya ne masu sheƙi, kuma mai hankali hannu yake zurawa har ƙasa kafin ya yi ciniki. Ya ce da can, kafin zamaninsa, jagoran ayari kaɗai ake tambaya, abin da ya faɗa a rubuta cewa ra'ayin alhazai ne. Ya kuma ba ni labarin da aka ba su a wurin horo, na wata mujalla a Amurka tun kafin a haife mu, wadda ta aika wa jama'a takardu masu ɗimbin yawa tana tambayar wa za su zaɓa, ta buga sakamako da ƙarfin zuciya, zaɓe ya zo ya ƙaryata ta. Yawancin sunayen daga masu waya da masu mota ta samo su, talakawa kuwa ba su shiga lissafinta sosai ba. Daga irin wannan kuskure masu sana'ar suka gane cewa yawan waɗanda ka tambaya bai kai muhimmancin yadda ka zaɓo su ba.

Ɗaki na biyar a ranar, gado na uku, wani dattijo ne daga wajen Sakkwato, yana zaune yana gyaran igiyar jakarsa. Na tambaye shi masauki, ya ce alhamdulillahi. Abinci, alhamdulillahi. Motar da ta kwaso su daga Muzdalifa, alhamdulillahi. Na cike masa gurbin gamsuwa daga sama har ƙasa, na miƙe ina jin na iya aiki. Ammi Haruna ya ce in zauna. Ya gaishe da dattijon a tsanake, ya tambayi mutanen gida da damina, sannan ya ce masa jiya da rana me ya ci. Ya ce burodi da shayi. Shekaranjiya fa? Burodi da shayi. Ashe kwana uku ke nan shinkafar da ake kawowa ba ta zama a cikinsa. Daga Muzdalifa kuma da ƙafa ya iso Mina, motar ba ta zo ba. Da aka ce masa me ya hana shi faɗa, sai ya dube mu da mamaki, ya ce shi da Allah ya kira ɗakinsa, ya zaɓo shi cikin dubban mutane, shi ne zai buɗe baki ya kai ƙarar shinkafa?

Wannan shi ne rabin sana'armu. Mutanenmu ba sa kuka da wahala a ƙasa mai tsarki, suna ganin lada ce, kuma gaskiyarsu. Saboda haka ba a tambayar alhaji ko abu ya yi kyau. Ana tambayarsa me ya faru, ƙarfe nawa, sau nawa, ya daɗe a tsaye ko bai daɗe ba. Ɗaya rabin kuma ya fi wuya: kada ka wuce gona ka sa masa magana a baki. In ka ce, abincin nan ai bai yi ba, ko? zai ce haka ne don ya girmama ka, ka ga ke nan ra'ayinka ka rubuta, ba nasa ba. A wurinmu babu laifin da ya kai wannan. Sauran kuwa ladabi ne. Ba a tare mai harami da takarda, ba a tambaya a Arfa ko Muzdalifa, sai an sauko an huta. Za a ba ka shayi, ka sha. Za a ɗauke ka babban jami'i, a ce ka sa baki a sauya ɗaki, ka faɗi gaskiya cewa rubutu kaɗai ne a hannunka. Wani zai tambaye ka inda ake samun darduma mai araha, ka kwatanta masa, ba ya rage ka da komai.

Ɗakunan mata sai mace. A shekarata ta huɗu ni na kawo Ummu Yasir cikin aikin. Iyayenta ta Cadi suka biyo suka zo, mijinta abokina ne tun muna yara, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. "Yaya" take ce mini, kamar wanta. Ba ta da saurin hannu, amma tana da kunnen da ban taɓa ganin irinsa ba. Takan zauna a bakin gadon tsohuwa har sai tsohuwar ta manta da takarda. Istimararta kullum gefe cike yake da rubutu, har masu tattarawa a ofis suna mita.

Bayan jirgin ƙasan Mina da Arfa ya fara aiki da shekara biyu, aka tura mu ni da ita wani gida mai hawa bakwai a Aziziyya, ni maza, ita mata, kowa takarda talatin. Asansir, wato lif ɗin gidan, ya lalace. Ni kuma na sauko daga Mina da ciwon gwiwa. Ranar farko na hau har hawa na biyu, na yi mutum huɗu, na sauko. A gindin benen akwai mai shayi da kujeru da fanka, alhazai na ta shiga da fita. Na zauna in huta. Wani ya tambaye ni aikin me nake yi, na gaya masa, ya ce to a tambaye shi mana. Na tambaye shi. Da na zo gurbin lambar ɗaki, sai na ɗauko lamba daga jerina na rubuta. Na ce wa kaina ai gida ɗaya ne, tukunya ɗaya suke ci. Kwana uku ina wurin, na cika sauran takarduna ban ƙara taka matakala ba.

Wanda ke saukowa wurin mai shayi sau uku a yini, shi ne wanda hawa bakwai ba ya damunsa. Na san wannan. Da na tambaye su asansir, suka yi dariya, suka ce motsa jini ne.

Mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, ya jera takarduna da nata a teburinsa, ya kira mu. Nawa sun ce gidan lafiya lau. Nata sun ce tsofaffi sun maƙale a sama kwana da kwanaki, ba Harami, ba asibiti, ruwan sha sai an roƙi mai hawowa. Ya ce gida ɗaya ba zai zama gida biyu ba. Ya tambaye ni ko na bi jeri, na ce na bi. Ya tambaye ta, ta ce ta bi. Ya dubi shekaruna a aikin da tsaftar takarduna, ya dubi nata masu rubutu ta ko'ina, ya ce da alama tausayi ya sa tana sa wa mata magana a baki. Ta dube ni sau ɗaya. Ni kuwa ban gyara maganata ba. Aka ajiye takardunta a gefe, aka yi rahoto da nawa. Da shekara ta zagayo, ba a kira ta ba. Abin da tsofaffin da aka sauke a gidan daga baya suka gamu da shi, ban sani ba, Allah ne masani.

Ta koma dafa tuwo da miya tana kai wa masaukan alhazai lokacin aikin hajji, sauran watanni kuma ɗinki. Unguwarmu ɗaya. In mun haɗu a hanya takan gaishe ni kamar kullum, ta tambayi mai ɗakina da gwiwata. Haka muka yi shekara takwas. Ammi Haruna ya bar aiki saboda idanunsa, na zama ni nake zaunar da sababbi ina koya musu ɗaki na biyar da gado na uku.

Sai shekarar korona. Ku kun gan ta kuna 'yan makaranta, mu mun gan ta da iyali a wuya. Aziziyya da ba a samun wurin sa ƙafa ta zama shiru, shaguna a rufe, dogayen gidaje ba ko tsumma a taga. Alhazai ba su zo daga waje ba, wa za ka tambaya? Ofis ya sallami yawancin mutane, 'yan kaɗan da muka rage aka ba mu tambayar mazauna gari ta waya. Ban taɓa jin na tsufa ba sai a wannan aiki. Ba ka ganin fuskar mutum, ba shayi, ba gaisuwa mai tsawo, kana cikin sallama ya kashe. Da wannan ya ƙare, mudir ya ce a fito da tsofaffin kwalaye a shigar da takardun shekarun baya cikin kwamfuta, ni in riƙa karanta rubutun gefe tunda ni ke gane shi.

A rana ta tara na buɗe kwalin gidan nan mai hawa bakwai. Takardunta suna ɗaure daban da zare. Na karanta su duka talatin. Ko ɗaya ba ta sa wa kowa magana a baki ba. Tambayoyinta su ne waɗanda Ammi Haruna ya koya mana: yaushe rabonki da sauka, wa ya kawo miki ruwa. A gefen wata takarda ta ɗauko maganar wata tsohuwa ta hawa na shida: kwana biyar ke nan ban sauka ba, ina jin kiran salla ta taga, ina bi daga nan, alhamdulillahi. Na jawo nawa. Ban da huɗun farko, gefensu fari fat.

Washegari na shiga wurin mudir na faɗa masa abin da na yi, tun daga kujerar mai shayi har amsar da na ba shi a wannan tebur. Na san shekarar ba ta da wani aikin da zan koma. Ya daɗe yana juya zoben hannunsa. Ya ce shi ma da nasa laifin, domin ya kamata ya tura wani ya hau ya duba kafin ya yanke hukunci a kan mace mai marayu. Ya ce zai cire sunana daga jerin ma'aikata na hajji guda, zai kuma rubuta a fayil ɗinta cewa takardunta ne na gaskiya. Amma sanar da ita, ya ce, ba aikin ofis ba ne.

Da aka sassauta zirga-zirga, na ɗauki mai ɗakina muka je gidanta da hantsi. Ta shimfiɗa mana, ta kawo gahawa da dabino, suka taɓa hirar ɗinki. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, irin sauraron da take yi wa tsofaffi.

Ta ce, "Yaya, ƙofar gidan nan guda ɗaya ce. Sau nawa kake jin na wuce ta bayanka kana shan shayi?"

Na ce, "To me ya hana ki faɗa a gaban mudir?"

"Ya tambaye ni ko na bi jeri, na ba shi amsa. Bai tambaye ni inda na gan ka ba. Kuma kai ka wanke gawar baban Yasir, kai ka kawo ni aikin. Na ce bari in ba ka mako guda, za ka faɗa da kanka." Ta ƙara wa mai ɗakina gahawa. "Makon ne ya yi tsawo."

Na roƙe ta gafara. Ta ce tuwo ya ciyar da 'ya'yanta, Allah bai bar su ba, wannan ba ta riƙe shi ba. Abin da ta riƙe shi ne an ce ta yi wa tsofaffin matan nan ƙarya, alhali su ne suka amince suka faɗa mata abin da ba su faɗa wa kowa ba. Ta ce yafiya tana nan tafe, amma ita ma'aikaciyar bincike ce, ba ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba.

Na zauna a gida hajji gudan da aka yanke mini, na koma teburin tasbaha wurin ɗan'uwana. Da alhazai suka dawo da yawansu, ofis ya kira ta, ya ba ta aikin bin sawu: ta zaɓi wasu daga cikin waɗanda aka ce an tambaya, ta je ta tabbatar an je musu. A lokacin an daina istimarar takarda, an ba mu wannan na'urar da kuke alfahari da ita. Tana nuna wa ofis gidan da kake tsaye da mintin da ka ɗauka. Hawan da kake ne ba ta nunawa.

Gidan da aka ba ni a shekarar hawa tara ne, asansir na aiki amma layinsa ya kai bakin titi. Jeri ya ba ni ɗaki a hawa na takwas, gado na uku, wani dattijo mutumin Maraɗi. Na hau da ƙafa ina hutawa a kowane hawa, na tarar ya tafi Harami. Na komo bayan azahar, yana wurin likita. Na uku da la'asar na same shi, muka yi kusan awa, ya ba ni labarin rijiyar da ya haƙa a garinsu kafin ya yarda ya gaya mini ƙarfe nawa abinci ke isowa.

Kwana biyu bayan haka ina zaune a ofis, Ummu Yasir ta shigo tana haki, ta zauna, ta nemi ruwa. Daga cikin duk mutanena, na hawa na takwas ta zaɓa. Ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ta tambayi dattijon ko wani ya zo masa da tambayoyi. Ya ce wani mai ɗingishi ya zo har sau uku, ya shanye masa shayi, ya hana shi barcin rana. Ta sa hannu a takardar tabbatarwa a gaban mudir, ta turo mini ita.

"Na yafe, Yaya," in ji ta. "Amma na gobe ma zan hau in duba."